Alalar Leda da Ƙaguwar Dinah

Ihun da Kefas ya jiyo daga rafin bayan gonarsu a Manga ne ya sa ya yar da fartanya ya ruga, a zatonsa maciji ya sari wani. Wata budurwa ya tarar cikin ruwa har gwiwa tana yarfe hannu, ƙaguwa maƙale a yatsanta.

"Tsoma hannun a ruwa, za ta saki," ya ce yana danne dariya.

Ta tsoma, ƙaguwar kuwa ta saki. Da ta ɗago suka haɗa ido, sai ya nemi sauran maganarsa ya rasa.

Sunanta Dinah, ɗiyar wani tsohon soja, tana shekarar ƙarshe a karatun halittun ruwa a Zuru. Ƙaguwa ashirin take nema da ransu domin bincike. Kafin rana ta take ya kamo mata su, ladansa lambar wayarta.

Da yamma saƙo ya shigo: "Sarkin rafi, yatsana na gaishe ka."

Ya mayar: "Ki ce masa mai jinya na tafe, Tauraruwata."

Tun daga nan duk Lahadi in an tashi coci yana ƙofar gidansu. Ta nuna masa baho biyu a bayan ɗaki. Ƙaguwa goma tana ba su alalar da ta dafa a ganye, goma kuma alalar leda da take sayowa. Ta ce zafin wuta kan sa sinadaran leda su tsiyaya cikin abinci, so take ta ga abin da za su yi wa ƙaguwa. Shi dai bakinta kawai yake kallo.

A mako na takwas ta kira shi. "Zo yanzu, don Allah."

Na bahon ganye suna ta ɗaga ƙafa suna faɗa. A ɗaya bahon huɗu sun mutu, sauran sun yi lamo. Wata ta fara saɓa ta kasa fita daga tsohon ɓawonta, ta mutu rabi ciki rabi waje. Idon Kefas ya kai kan ledar alalar da ke gefe, ya ga ƙullin nan biyu da ya sani tun yana yaro.

"A ina kike saye?"

"Bakin tasha, wajen Mama Beatrice."

"Dinah... mahaifiyata ce."

Cokalin hannunta ya faɗi. Ta san mahaifiyarsa na sana'ar abinci a gari, amma ba ta taɓa kawo haka a ranta ba. Shi kuwa da alalar nan aka yaye shi, da ita aka biya masa makaranta.

Kwana uku bayan haka magana ta cika tasha, wai 'yar makaranta ta gano alalar Mama Beatrice guba ce. Masu saye suka watse. Mama ta dawo gida da tukunya cike, ta dire ta a gabansa.

"Wannan yarinyar ce kake so ka kawo mini? Shekara ashirin da biyu ban ci mutuncin kowa ba, sai ita ta tona mini asiri a kasuwa! Muddin ina numfashi ba za ta taka gidan nan ba."

Shi ma Kefas zargin Dinah ya shige shi.

Saƙon Dinah ya zo: "Masoyina, Allah ne shaidata ban gaya wa kowa sunan Mama ba. Ka ɗaga wayata ko sau ɗaya."

Mako guda bai amsa ba, bai kuma iya cin abincin kirki ba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya warware masa, cewa Francis, ɗan ajinsu Dinah da ya daɗe yana nemanta tana ƙi, shi ya leƙa littafinta ya kai maganar tasha. Kunya ta lulluɓe Kefas.

Yana isa gida ya tarar da Dinah durƙushe gaban Mama, bokiti biyu na ƙaguwa a gefenta.

"Mama, ban ce kin cuci kowa ba. Ƙaguwa ba mutum ba ce, ban san iyakar abin da leda ke yi wa jikinmu ba. Ki dai duba da idonki."

Mama ta harare ta, sannan ta leƙa. Ta taɓa bayan ɗaya daga cikin masu lamo, ɓawon ya lotsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ta janye hannu da sauri.

"Yesu! Alalata ce ta yi haka? Jikokina fa ita suke ci kullum!"

"Wakenki ba shi da laifi, Mama, hannunki ma haka. Ledar ce."

Mama ta zauna daɓas a kan turmi. Can ta ce, "Ganyen da kika dafa taki a ciki, a ina ake samunsa?"

Kefas ya matso murya ƙasa-ƙasa. "Tauraruwa, ki yafe mini."

"Ka fara saro wa Mama ganyen ayaba tukuna," ta ce tana share hawaye.

Washegari Dinah ta zauna kusa da tukunya a tasha, ta kwance alalar ganye ta ci a gaban kowa. Direbobi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, har da masu cewa wannan ta fi ƙamshi.

Bayan an yanke dawa aka ɗaura aurensu, coci ya cika har waje. Da aka fito Mama Beatrice ta kama hannuwansu biyu ta haɗa.

"Kefas, na ba ka amanar ɗiyata. Ta faɗa mini gaskiya ranar da ba na son ji, kada ka bari ta yi nadama. Ubangiji ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka."

Jama'a suka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa.