Kwabbai Masu Huji na Gonar Tafoki

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman akurki, Jabiru na tsugune a tsakar gidansa na Mairuwa yana fama da kwali. Garmarsa ce ta tono wani ɗan tulu a gonar Tafoki, cike da kwabbai masu huji, ya ji kuma ana sayen irinsu da tsada in hotonsu ya fito da kyau. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle cikin kwalin, ya ɗora wayarsa bisa gwangwani biyu don kada hannu ya yi rawa. Ya rufe bakin tocila da farar leda, ya haska ta gefe, sai ga rubutun kwabon ya taso raɗau. Mutumin naku har da murmushi.

Yana dannawa, dutse ya faɗo bisa kwanon rufi. Na biyu ya biyo. Aka leƙa waje, ko kare babu.

Kwana uku ana jifa duk magariba. Ran na huɗu ɗiyarsa Hafiza, budurwa mai hankali, ta aje tsintsiya, ta toshe ido da tafin hannu, ta yi ta gurnani da muryar da ba tata ba. Tsoro ya kama Jabiru, tsoro na gaske.

Da hantsi aka zo da Malam Mas'udu daga Faskari. Ya zauna, ya yi ta karatu a hankali, har yarinyar ta miƙe zaune.

"Wace ce ke?"

"Mai kayan," in ji muryar, ta tsohuwa ce tukuf. "Na wuyan ɗana ne, su kaɗai ya bar mini. Ban taɓa bari rana ta gan su ba. Wannan mutumin ya haske su da wuta."

"Za a maida miki. Ki fita, ki ji tsoron Allah."

"A maida, a kuma goge hotunan. In ɗaya ya rage a duniya, zan riƙe wani abu nata."

Malam ya juyo. "Jabiru, ka tura ma wani?"

Ai kuwa ya tura. Tun ranar farko ya aika ma wani dillali hotuna uku, shi kuwa ya baza su inda Allah kaɗai Ya sani. Jabiru ya dubi ɗiyarsa, ya ga jijiyoyin wuyanta sun tashi. So yake kawai a rabu da ita yanzu.

"Ban tura ba, Malam."

Ya goge na wayar a gaban kowa. Hafiza ta yi atishawa uku, ta sulale jikin uwarta.

Can ta motsa, ta buɗe ido tar, ta lalubo hannun uban. Rana ta take tsakar gida.

"Baba," ta ce da muryarta, "wai har yanzu gari bai waye ba?"