Mai Ƙwanƙwasa Tafkin Sallau

Rana ta faɗi a Matameye yadda ta saba faɗuwa, a gajiye. Awaki sun shigo, hayaƙin kara ya kwanta bisa katangu, Salamatu na tuƙa tuwo da hannun da bai huta ba tun asuba. Mijinta, Sallau magini, yana tsugune yana alwala a bakin ɗan tafkin da ya gina a tsakar gida. A nan ya ji ƙarar. Ƙwas. Sai shiru. Can kuma, ƙwas.

Ruwan alwalar ya zube daga hannunsa, domin ya san wannan ƙara.

Kafin wannan damina, ci-rani ya kai shi Kano, inda ake gina wa Turawa tafkin wanka. Ruwan da zai shayar da unguwa guda, wai shiga za su riƙa yi suna wasa, Allah mai iko. Ana manne cikinsa da tayil na gilashi, 'yan ƙanana shuɗɗa, kowane bai fi faɗin farcen babban yatsa ba. Baturen aikin, wani ɗan Italiya mai jan wuya, ba ya yarda da ido. Sai ya shafa bango da tafin hannu ya ji ko wani tayil ya ɗaga kai, sa'an nan ya zaro mabuɗi daga aljihu ya bi su yana ƙwanƙwasawa. Wanda ya zauna daram a kan siminti amonsa gajere ne, a toshe. Wanda aka bar iska a bayansa kuwa sai ya amsa kamar kifaffiyar ƙwarya, kuma ta nan ruwa zai gudu. Da ya ji haka sai ya ja alli, a ɓamɓare a sake. Sallau ya ɓamɓare aikin hannunsa har ya daina jin haushi. Aka gama tafkin, aka sallame su, bai taɓa jin an ce masa ya yi daidai ba.

Ya dawo gida gab da damina da buhun tayil ɗin da aka zubar, da ɗan siminti. Ƙarƙashin indararo akwai wani rami inda tsohon gindin kurna ya ruɓe. Nan ya faɗaɗa ya gina tafkinsa, iya gwiwa, don ya tare ruwan sama, Salamatu da autarsu Baiwa su ɗan huta da rijiya. Kowane tayil sai ya yi bisimilla kafin ya danna shi, saboda tsoron amon ƙwarya bai bar ƙirjinsa ba. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Salamatu dai cewa ta yi, in yana riƙe ruwa, ko da kashin shanu aka yaɓe shi ita ta gode.

To, daga wannan magaribar ƙwanƙwasar ba ta ƙara fashi ba. Da rana ta yi ja sai ta fara, ta ci gaba daga inda ta tsaya jiya, layi bayan layi, cikin haƙuri. A leƙa, ba kowa, ruwa kwance ko motsi ba ya yi. Bayan 'yan kwanaki tsakuwoyi suka soma faɗowa, ba a kan ɗaki ba, ba a kan mutum ba, cikin tafkin kaɗai. Wani lokaci a ji ajiyar zuciya mai tsawo, irin ta tsohuwar da ta sauke itace. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Gidan ya koma cin tuwo ba hira.

Sai abin ya faɗa wa Baiwa.

Wata magariba aka same ta tsaye cikin ruwan da zanenta, ta sunkuya, tana buga tayil da ƙashin yatsa. Uwar ta kira ta, ba ta waigo ba. Aka ciccibe ta aka kai ɗaki, ta ci gaba da buga bango, da ƙofa, da ƙafar gado. Ta daina cin abinci. Yarinyar da bakinta ba ya rufuwa ta zama ba ta ko tari. Yatsunta suka fashe, aka naɗe da tsumma, ta yi ta bugawa ta cikin tsumman har ya rine. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi sadakar waina, duk a banza. Wuyanta ya zama kamar karan dawa.

"Maigida," in ji Salamatu, murya ƙasa-ƙasa don kuka ya riga ya ƙare mata, "yarinyar nan tafiya take yi. Ka je Dungu ka kira Malam Idrisa."

Malam Idrisa na Dungu tsoho ne mai ciwon gwiwa, wanda aljanu suka gajiyar fiye da yadda suka tsorata shi. Ya iso bisa jaki da la'asar sakaliya, ya nemi tabarma, ya zauna yana kallon tafkin. Da aka kira salla ya yi, ya sa aka kawo Baiwa gabansa. Ya dafa kanta ya fara karatu, a hankali, ba tsawa ba bulala. Duhu na sauka. Can yatsun suka tsaya. Yarinyar ta ɗaga kai, muryar da ta fito kuwa ta tsohuwa ce tukuf, mai shaƙewa.

"Malam, ya isa haka. Karatun nan zafi gare shi, ni kuwa na gaji."

"Ni ma na gaji," in ji Malam. "Wace ce ke, kuma me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini kome ba. Yatsu na ara, nawa ba su da ƙarfi." Ta numfasa. "Ramin kurnar nan ƙofar gidana ce, tun kakan mai gidan nan bai yi wayo ba. Na tafi ganin dangi wajen Dawce, na dawo na tarar an rufe. Mijina na ciki, makaho ne, ba mai ba shi ruwa sai ni."

"Ku aljanu da ke ratsa bango?" in ji Malam.

"Bangon laka, Malam. Laka na numfashi, tana tsagewa. Wannan abu mai santsi ba shi da kafa, kuma kowane ɗaya an rufe shi da sunan Allah. Na ce ɗan Adam ne ya yi, dole ya bar wuri. Ban taɓa ganin ginin da ba a bar mana ko kafar allura ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina saurare."

Sallau, da ke raɓe jikin bango, ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ba ki samu ba? Ko ɗaya?"

Salamatu ta juyo ta dube shi, kallon da bai manta ba har ya mutu. Kunya ta rufe shi, amma tambayar ta riga ta fita.

"Ko ɗaya," in ji muryar. "Na shafa, ba wanda ya ɗaga kai. Na buga, ba wanda ya amsa. Aikinka ya yi kyau, magini, ban taɓa ganin irinsa ba. Shi ne yake kashe mini miji."

Sallau ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, shi kansa bai san na mene ne ba.

Aka shiga ciniki. Ta ce a rushe tafkin duka. Malam ya ce matar gidan ma ta gaji da rijiya, a ji tausayinta. Ta ce to a fasa rabi. Malam ya ce ƙofa take nema ko fili? Daga ƙarshe ta yarda da faɗin tafin hannu a kusurwar gabas, a huda har ƙasa, a mayar da tayil a kai ba siminti a bayansa, kuma wanda ya rufe shi zai buɗe.

"Malam," in ji Sallau a hankali, "in aka yi haka ba zai ƙara riƙe ruwa ba."

"Na sani," in ji Malam.

Salamatu ce ta shiga ɗaki ta ɗauko guduma da kurfin fasa bango, ta ajiye a gaban mijinta. Ita da za ta koma rijiya.

Ya shiga ruwan. Sai da ya sha wuya kafin tayil na farko ya saki, don ya zaunu ƙwarai. Da kurfin ya huda ƙasa, ruwa ya soma juyawa yana sauka, wata iska mai sanyi ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Baiwa ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Jim kaɗan ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta da, "Inna, hannuna na ciwo. Akwai sauran tuwo?"

Washegari Sallau ya mayar da tayil ɗin yadda aka yi alkawari, suka hau layi sumul, ido ba ya rabe su da sauran. Damina ta yi ta zuba, tafkin ya cika da yamma ya wayi gari a bushe. Salamatu ta koma rijiya da tulunta, Baiwa na bin ta da tabo a yatsu, tana zuba surutu kamar da. Sallau bai ƙara zuwa Kano ba.

Amma duk magariba, in zai yi alwala da butarsa, yakan miƙa hannu kusurwar gabas ya buga da yatsa. Wurin ya amsa masa kamar kifaffiyar ƙwarya. Sai ya saurara har ya jiyo muryar 'yarsa daga madafa, sa'an nan ya ce alhamdu lillahi, ya wanke hannu.