Ƙusa a Gurbin Fis

Ana gab da magariba, uwar Auta tana kwashe shanya, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon sito. Ta ɗaga kai, ba kowa. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo, sannan wutar gidan ta ɗauke ɗif, alhali ta maƙwabta tana nan.

Siton nan ya shekara da shekaru a kulle cikin duhu. Sai bana maigida ya share shi, ya jera irin tumatir a tire-tire, ya rataya masa fitilu goma sha biyu, ba a kashewa dare da rana. Mai gyaran wuta ya ce a ja wa ɗakin layinsa daban, da waya mai kauri. Maigida ya ja tsaki, wai shi za a koya wa haɗa waya biyu? Ya jona komai a soket ɗaya na ɗakin 'yarsu Auta, ya huda bango ya zura waya, ya naɗe mahaɗar da leda. Sauran wayoyin suna yashe a ƙasa cikin ruwan da yake ba shukar. Uwar Auta kam ko ƙofar ba ta son giftawa, don zafi da warin taki da wani ƙauri mai tayar da zuciya.

Kullum magariba haka, a yi jifa, fis ɗin da ke wajen mita ya ƙone, wuta ta ɗauke. Da maigida ya gaji da sauyawa, sai ya cusa ƙusa a gurbin, ya dawo yana washe baki, wai ya yi maganin abin. Wuta ba ta ƙara ɗaukewa ba, jifa ma ya tsaya.

Washegari Auta ta daina magana. Ta zauna a kan gado, bayanta jingine da bangon sito, hannun damanta a dunƙule tam, mutum biyu suka kasa buɗe shi. Kwana uku ko ruwa sai an ɗura mata.

Uwar ta kira wani tsohon malami. Ya zauna yana karatu tun la'asar har inuwa ta cinye tsakar gida. Can sai bakin yarinyar ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito.

"Tir da mai gidan nan."

Aljani ne. Ya ce a silin ɗin sito yake zaune da iyalinsa tun ba a haifi Auta ba. Haske ya jure. Amma waya ta yi zafin da 'ya'yansa ba sa iya kwanciya. Ya yi jifa, ba a ji ba. Shi ne mai ƙona fis kullum don kada gidan ya kama da wuta, sai aka toshe masa da ƙusa.

"Na zauna a juji, na zauna a masai," in ji shi, "ban taɓa ganin ƙazamin aiki irin wannan ba."

Malam ya ce wannan bai ba shi ikon jikin yarinya ba, ya umarce shi ya fita. Aljanin ya ce a ja layi daban, a kuma bar masa duhun awa takwas. Maigida ya fara ƙunƙuni, wai irin zai yi jinkirin girma. Uwar Auta ce ta amsa, ta ce an yarda.

Aljanin ya ce, "Zan fita. Amma kwana uku ke nan ina riƙe da mahaɗar wayar nan da hannun yarinyar. In na fita, na saki."

Uwar ce ta fara ganewa. Ta ruga wajen mita ta ja babban makunni, gidan ya yi duhu. A ɗaki Auta ta yi atishawa, ta ce, "Mama." Malam ya haska tocila, hannun ya buɗe a hankali, tafin duk ya yi bororo, narkakkiyar leda manne a jiki. Da aka ja gadon, bango ya yi baƙi ƙirin, gefen katifa yana hayaƙi daidai inda take sa kai.

Sai ga muryar maigida ƙasa-ƙasa, yana tambayar yaushe za a mayar da wutar, kada irin ya lalace.

Uwar Auta ta ɗauki filaya ta fita, ta zaro ƙusar, ta dawo ta ɗora masa a tafin hannu da zafinta, ta dunƙule masa yatsun a kai.