Hoton da Baban Basant Bai Gane Ba

A wata makarantar firamare a Fayyum, akwai wata yarinya 'yar aji shida da ta iya kwamfuta. Ta iya kam, kuma ba ta bari a manta.

Bayan bikin raba kyaututtuka, malamarsu Abla Nirmin ta kira ta.

"Ki ɗora hotunan bikin a shafin makaranta na intanet," in ji malamar. "Hoto mai nauyi yana hana shafi buɗewa a waya. Ga iyakar nauyin da shafin zai ɗauka. Ki rage wa kowane hoto nauyi daidai da ɗan'uwansa."

"To, Abla."

To ɗin nan a baki ya tsaya. Da ta zo kan hoton kanta, sai ta ji ba za ta iya taɓa shi ba. Ta bar shi da nauyinsa. Don kada ta wuce iyaka, ta matse na sauran yara, ta ƙara matsewa, har fuskokinsu suka dame kamar kunu. Wannan son kai da me ya yi kama!

Washegari ƙawarta Basant ta tare ta a ƙofar aji, idanunta jawur.

"Ke! Me na yi miki?"

"Ni kuma? Lafiya?"

"Ina lafiya! Babana yana aiki a Kuwait. Ya tara abokan aikinsa zai nuna musu na ci kyautar lissafi. Ya buɗe shafin, ya rasa wace ce ni! Amma ke, gimbiya, har furen ɗankwalinki ana gani!"

Yara suka taru, kowa yana ƙorafin nasa hoton. Abla Nirmin ta duba wayarta, ranta ya ɓaci.

"Haka na ce ki yi?"

"Abla, ai shafin yana buɗewa da sauri."

"Da sauri a ga wa? Ke kaɗai kika zo bikin? Amana na ba ki!"

Kunya ta rufe yarinyar. Ta kasa ɗaga kai.

Allah ya so hotunan asali suna nan a kwamfutar malamar. Lokacin hutun tara, tana jin ana wasa a waje, ta zauna ta sake aikin. Ta rage kowane hoto daidai, har da nata. Abin mamaki, natan bai lalace ba, na kowa kuma ya fito tas.

Ta je ta sami Basant. "Ki yafe mini. Ki ce wa Baba ya sake dubawa."

Da yamma Basant ta zo gidansu a guje.

"Ya gan ni! Ya ce har da mai gadin wurin aikinsu ya nuna wa!"

Suka fashe da dariya. Daga ranar yarinyar ta gane cewa in an ba ka rabon abin da yake na kowa, bai kamata ka fifita kanka ba.