Shafi na Sittin da Huɗu

A ɗakin karatu suka fara haɗuwa, ita tana zana shafukan littafin tunawa na 'yan ajin ƙarshe, shi kuma ya shigo da kyamara a wuya.

"Edita, a ina za ki ajiye ni?"

"A shafin ƙarshe, Mai Kyamara. Nan ake sa mai ɗaukar hoto, don kada ya cika mana ido."

Ya yi dariya, ita kuma fensirinta ya faɗi. Tun daga ranar zama bai ƙara yi musu tsawo ba.

Mai ɗab'i ya ce shafi sittin da huɗu ne, ba ƙari. Malamai sun samu, 'yan ƙwallo ma sun samu. Babanta kuwa, wanda ya shekara talatin yana ban ruwa a lambun makarantar, ko kusurwa bai samu ba. Abin ya ci mata rai, amma ta haɗiye.

Ana gobe za a kai aikin, saƙon Mai Kyamara ya shigo: "Editata, ki cire ni daga shafin ƙarshe. Na tura miki hoton da ya fi cancanta."

Ta buɗe, sai ga Baba riƙe da bokiti a tsakiyar furanninsa, yana murmushi. Ta yi kuka har ta gode Allah. Haka littafin ya fito babu fuskar Mai Kyamara ko a wuri ɗaya, don ko a hoton aji yana bayan kyamara.

Bayan shekara shida ya zo neman aurenta. Baba ya ɗauko littafin, ya duba tun daga bango har bango.

"'Yar nan, kin ce ɗan ajinku ne, ga shi babu shi a nan. Ba zan ba da ke ga wanda ban san asalinsa ba."

Ta durƙusa, ta buɗe masa shafin da ya tsufa saboda yawan nuna wa baƙi.

"Baba, nan ne wurinsa. Kai ya bar wa."

Tsohon ya daɗe yana kallon hoton nasa. Da ya ɗago, idonsa ya ciko.

"Ki ce masa ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure, Baba ya karɓi hoton ango da amarya, ya manna shi da hannunsa a cikin bangon littafin, daura da nasa.

"Ga wurinka na mayar maka, ɗana. Allah ya yi muku albarka."