Kaset Ɗin Yalwa

Muryar yayata Yalwa ba ta duniya yanzu. Da ta rasu an samu abin da ya rage, kaset ɗaya tak. Shi ma yau babu. Mijinta Haliru ne ya ba ni labarin yadda aka yi, sau ɗaya, bai kuma sake ba.

Haliru direba ne a Aliero. Yana da tsohuwar mota mai dogon baya, yana jigilar fasinja da buhunan albasa tsakanin Aliero da Jega da Maiyama. Kafin ya mallake ta ya taɓa yin wata huɗu a Kurmi, can kudu, yana tuƙa babbar motar wani. A lokacin ne Yalwa ta ari rakodar maƙwabta, ta shige ɗaka ta yi masa magana a kaset, aka kai masa. Haka mata ke aika saƙo a lokacin, tunda ba su iya rubutu ba. Sau ɗaya ya saurara a can. Ya dawo ke nan da wata biyu amai da gudawa suka ɗauke ta cikin damina.

Shekara uku kaset ɗin na ƙasan akwatinsa, naɗe cikin kallabinta. Ba shi da rakoda, kuma kunya ta hana shi zuwa gidan wani ya zauna yana jin muryar matarsa a gaban mutane. 'Yarsu Umaima tana Maiyama wurin kakarta Uwani. Ran nan ya kai mata tsaraba, yarinyar ta kama hannun rigarsa ta ce, "Baba, ƙaƙa muryar innata take?" Ya ce mata ran kasuwar Jega mai zuwa zai kawo mata ita ta ji da kunnenta.

Shekara biyu ke nan da yin jihar Kebbi, rediyo mai kaset ta fara yawa a shagunan Jega. Ran kasuwar, bayan la'asar, cikin zafin bazara, ya tsaya a Sabon Gari wurin Waliyyu mai wayarin mota. Rediyon da motar ta zo da ita tun daga kamfani tasha biyu kawai take kamawa, ita ma sai an dake ta da tafin hannu.

Waliyyu ya kwance ta da sukundireba, ya zaro ta, ya hura mata iska. Ɓawon albasa da kashin ɓera suka zubo.

"Wagga ai ta girme ni," ya ce. "Ka kai ta gida a yi mata sutura."

"Kai dai ɗaura sabuwa, rana na tahiya."

Ramin tsohuwar ya fi sabuwar faɗi, sai da ya yanko katako ya cike gefe. Ya huda ƙofofin gaba ya sa lasifika biyu. Da ya zo kan jar waya sai ya ɗago kai.

"In haɗa ta da makulli, ko kai tsaye da batir? In da makulli ta, kana kashe mota ta yi shiru."

Haliru ya tuna yarinyar. Ba ya son ƙarar inji ta rufe mata muryar uwarta. "Kai tsaye," ya ce.

Waliyyu ya murɗe wayoyin, ya naɗe su da salatif, ya gwada da kaset ɗin kiɗa. Mota ta ɗauka har masu shayi suka waiwayo. Sannan ya hangi kallabin da ke kan kujera, gefen kaset ya leƙo daga ciki.

"Wancan na naka? Zaren tsohon kaset fa ba shi da tabbas. Kawo in kwafa ma cikin sabo, minti ashirin."

Haliru ya dafe kallabin. In za a kwafa, sai an kunna a shago, Waliyyu da duk mai wucewa su ji abin da matarsa ta faɗa masa cikin ɗaka.

"Bar shi," ya ce.

"To, ango. Allah shi kiyaye hanya."

Ya bar Jega shi kaɗai, bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Rana ta yi ja. Ya yi niyyar yin magariba a Maiyama, ya kuma yi niyyar ba zai taɓa kaset ɗin ba sai Umaima na gefensa. Da ya tsallake gada sai zuciyarsa ta ce ya gwada, kada ya je gaban yarinya abin ya ƙi.

Ya tura shi ciki.

Shuu na ɗan lokaci. Zakara ya yi cara. Can nesa ana daka. Sai ta yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, maigida. Ina gajiya? Mu nan lahiya lau muke. Albasa ta yi kyau bana. Yarinyag ga ta hwara tahiya, jiya har bakin rijiya munka kamo ta." Ta yi 'yar dariya. "In ka tashi zuwa a riƙo mani atamhwa mai ruwan ganye."

Akwai wani kwari a hanyar, giginyu sun yi masa layi hagu da dama. Duk direba ya san rediyo kan ɗauke da kanta in an gangara cikinsa, ba ta dawowa sai an haura. Wasu sun ce tudu ne ke tare tasha. Tsofaffin direbobi dai ba sa ko tari a wurin in rana ta faɗi. Kaset kuwa ba ruwansa da tasha. Haliru ya gangara da muryar Yalwa a buɗe, tana fita ta tagogi.

Hawaye suka rufe masa ido har ya daina ganin kwalta. Ya sauka gefe a tsakiyar kwarin, ya kashe mota, ya kifa kai a sitiyari.

"To sai ka dawo," in ji ta. "A gaida abokan aiki."

Nan saƙon ya ƙare. Ya sani. Bayan wannan sai ƙarar maɓallin da ta danna ta kashe rakoda.

Maɓallin bai yi ƙara ba.

Numfashi yake ji a lasifika. A hankali, kamar na wanda ya matso da bakinsa kusa.

Ganyen giginya, da ke ta kaɗawa, ya tsaya. Tsuntsaye sun yi tsit. Warin albasa da ya kama motar shekara da shekaru ya ɓace, wani ƙamshi ya maye gurbinsa. Man kaɗe da ɗanyen lalle.

"Ka daɗe," in ji muryar.

Bai taɓa jin wannan a kaset ba. Amma bai kai hannu ga rediyon ba. Shekara uku ke nan ba ta ce masa sabon abu ba.

"Ina atamhwar?"

"Na sayo," ya ce da raɗa. "Tana akwatinki."

"Hito in gan ka. Ga ni nan bayan iccen."

Yanzu ba a lasifika kaɗai take ba. Tana fitowa daga gindin giginya ta uku, inda duhu ya fara taruwa. Akwai wani abu a tsaye a wurin. Tsayin mace. Bai ga fuska ba.

Hannunsa ya kama mariƙin ƙofa. Ƙofar ta buɗe kaɗan. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Haliru."

Ya buɗe baki zai amsa.

"Haliru. Taho mana."

Sai ya kame bakinsa. Shekara bakwai suka yi tare, Yalwa ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko a ɗaka, ko cikin faɗa, ko ran da take mutuwa. Maigida take cewa. In wata mata ta ambaci mai irin sunansa, sunkuyar da kai take yi. 'Yar farinta ma ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Ya janye ƙafarsa. Ya ja ƙofa.

Ya danna maɓallin kashewa. Muryar ba ta tsaya ba.

Ya zare makulli. Sai ya tuna jar wayar.

"Haliru."

Ta matso. Tana jikin taga.

Ya danna na fitarwa, kaset ya yi tsalle ya faɗo hannunsa. Zaren ya riga ya fito. Siriri, baƙi, ya miƙe ta saman gilashi zuwa waje, ana jan sa. A hankali, kamar mace na naɗe zaren saƙa. Ƙananan tayoyin cikin kaset suna juyawa cikin tafinsa.

Ya riƙe zaren. Aka ja. Ya yanke masa yatsa.

Ya cusa hannu ƙarƙashin rediyon ya fizgi wayoyin. Wuta ta yi tartsatsi, warin roba ya tashi. Lasifika suka mutu.

A waje aka yi dariya. 'Yar dariyar nan ta bakin rijiya.

Ya mayar da makulli ya murɗa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Inji ya yi tari. Ya sake. A na uku ya kama.

Bai duba madubi ba har ya haura tudun.

An idar da sallar isha'i ya isa Maiyama. Umaima na zaune a bakin zaure, tun la'asar ta ƙi shiga gida. An yi mata kitso, an sa mata kayan sallarta. Ta rugo ta leƙa motar.

"Baba, ina take?"

Ya buɗe hannunsa. Ƙwaryar kaset ce kawai, da jini a jiki, ba ko taƙin zare a ciki. Uwani ta dubi fuskarsa, ta dubi hannun, ta ja yarinyar ciki.

Da safe shi da wasu mutum biyu suka koma kwarin. Sun ga sawun tayarsa da sawun ƙafarsa ɗaya. Zare ko guntu ba su gani ba.

Ya mayar da tsohuwar rediyon mazauninta, ba ya ma kunna ta. Hanyar Maiyama kuwa ya daina bin ta in la'asar ta yi sanyi. Makiyayan da ke ratsa kwarin da shanu sun ce wani lokaci da magariba sukan ji mace tana sallama, tana cewa albasa ta yi kyau bana. Ba wanda ke amsawa.

Abin da ya fi cin Haliru shi ne, in ya rufe ido yana son tuno yadda take cewa maigida, ba ya iyawa. Sunansa kawai yake ji. Umaima ta yi aure yanzu, ba ta sake tambaya ba tun daga ranar.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya taya mu da amin. Allah ya ji ƙan Yalwa, ya haskaka kabarinta. Allah ya raba muryarta da abin da ya ɗauke ta. Wanda hanya ta bi da shi kwarin nan da magariba, Allah ya kame bakinsa daga amsawa. Ita kuma Umaima, Allah ya jiyar da ita muryar uwarta a gidan da ba a rabuwa.