Mai Keken da Ba Ya Tsayawa

A wani zamani an yi wani mai keke, sarkin gaggawa. Ya je sayen fitilar keke, mai shago ya ce, "Malam, ta dainamo juyawar taya ke ba ta wuta, kana tsayawa za ta mutu. Ta batir kuwa ko ka tsaya tana ci."

Ya ce, "Ba ni ta dainamo. Ni ba na tsayawa."

Ran nan bayan magariba yana komawa gida, sai ya ji nishin mutum a bakin hanya. Ya rage gudu, fitila ta dushe, tsoro ya kama shi. Ya ce, "Ni ba na tsayawa." Ya ƙara wuta.

Da gari ya waye aka tsinci gawar mahaifinsa a wurin, maciji ya sare shi. Ashe tsohon taryensa ya fito.